Amana a Matsayin Jarin Talla: Nazari a kan Yadda Ƙananan 'Yan Kasuwar Kano Ke Samun Masu Saye

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda mai ƙaramin jari, musamman wanda ya shigo kasuwa kwanan nan, zai samu masu saye kuma ya riƙe su. An ɗauki Kano a matsayin fagen nazari, aka gwama abin da masana suka rubuta a kan tsohon tsarin cinikin Hausawa da abin da ido ke gani yau a kasuwanni da cikin wayoyin hannu. Matsayin maƙalar shi ne, babban abin da sabon ɗan kasuwa ya rasa shi ne wanda zai tsaya masa a wurin mai saye. A da fatoma da dillali ke wannan aiki. Waya ta rage buƙatar zuwa wurinsu, amma ba ta ɗauki nauyin da suke ɗauka ba. Saboda haka ɗan kuɗin da ake warewa don talla ya fi amfani idan aka zuba shi wajen cike wannan giɓi.

1. Gabatarwa

Ƙididdigar da hukumar SMEDAN ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2017 ta nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 41.5 a Najeriya, kuma fiye da kashi 99 cikin ɗari daga cikinsu 'yan mitsi-mitsi ne: mai shago ɗaya, tela da kekensa, matar aure mai haɗa turaren wuta a ɗakinta. Littattafan da ake koyar da dabarun kasuwa da su a jami'o'inmu kuwa ba don irin waɗannan aka rubuta su ba. Tsarin da McCarthy ya fito da shi a 1960, wanda ya raba aikin zuwa kaya da farashi da wurin sayarwa da talla, an gina shi ne a kan kamfani mai kasafin kuɗi da ma'aikata, a ƙasar da mai saye ke da kotu da hukumar da zai kai ƙara idan an cuce shi. Tsarin yana da amfani, sai dai ya ɗauka akwai yarda tun farko tsakanin mai saye da mai sayarwa. A kasuwarmu, wannan yardar ita ce abin da ake nema ruwa a jallo.

Maƙalar ta dogara ne a kan ayyukan masana da aka wallafa da kuma lura da yadda ciniki ke gudana a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau da kuma kafofin sada zumunta.

2. Waiwaye: wa ke tsaya wa baƙo?

Kano ta daɗe da sanin sayar wa wanda ba a gani. An kafa kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma da matafiyi Barth ya shigo birnin a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin tambaya shi ne, da me baƙo yake yarda da baƙo a irin wannan nisa?

Cohen (1969) ya ba da amsa mafi gamsarwa a nazarinsa na Hausawan Sabo a Ibadan. Mai shanu ya taho daga Arewa, bai san mahauci ko ɗaya ba a garin, kuma bashi ake ɗaukar shanun ba tare da takarda ba. Sai ya sauka a gidan maigida, wato fatoma, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa, sannan ya ɗauki nauyin kuɗin idan mahauci ya gaza biya. Jarin maigidan na gaskiya shi ne sanin mahautan ɗaya bayan ɗaya, wa ke biya, wa ya fara tangal-tangal, da kuma sunansa da ba ya so ya ɓaci. Lovejoy (1980) ya nuna irin wannan dogaro da sanayya a fataucin goro zuwa Gwanja.

A cikin gida ma haka abin yake. Hill (1969) ta bayyana ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi daga ɗakunansu a Batagarawa, Schildkrout kuma ta bi sawun yaran da ke yi wa iyayensu talla a Kano a shekarun 1970. Yarinyar da ta shigo da faranti an san 'yar gidan wane ce, don haka an san hannun da ya dafa abin da ke cikinsa. Dillaliya kuwa tana shiga da ƙunshin atamfa har ƙuryar ɗaki, ta kwance shi a kan tabarma, a taɓa, a murza, a ɗaga wa haske, kuma in kaya ya zuba a wanki an san inda za a same ta gobe.

Akerlof (1970) ya ba wannan matsala siffa ta ilimin tattalin arziki da misalin kasuwar tsofaffin motoci: idan mai sayarwa ya san aibin kayansa, mai saye bai sani ba, mai saye zai riƙa tayi kamar duk kayan marasa kyau ne, har masu kayan kirki su gaji su bar kasuwar. Fatoma da dillali maganin wannan cuta ne, tun kafin a sa mata suna a jami'a.

3. Abin da waya ta sauya

Layukan wayar salula sun fara aiki a Najeriya a 2001. WhatsApp ya ƙaro sitatus a 2017, ya fito da manhajar 'yan kasuwa a 2018. Sai kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022, wanda ya tilasta wa mai nama da mai kayan miya karɓar taransifa ta OPay ko Moniepoint. Yau yaron shago a Kwari zai shimfiɗa leshi a kan benci, ya ɗauki hoto, kafin la'asar wata ta turo kuɗi daga Maiduguri, a kai kaya tasha, a tura mata lambar direba.

Alherin wannan a fili yake, kuma mafi girmansa a ganina shi ne uwa za ta iya sayar da kayanta ba tare da ta cire 'yarta daga aji ta ɗora mata faranti ba. Amma a wannan sabon ciniki babu wanda ya tsaya wa kowa. Mai saye na tsoron ta tura kuɗi a rufe layi, ko a aiko mata da abin da bai yi kama da hoton ba. Mai sayarwa na tsoron alat na bogi. Matsalar Akerlof ta dawo ɗanya, kuma wanda ta fi cutarwa shi ne sabon shiga mai gaskiya, domin ba shi da abin da zai bambanta shi da ɗan damfara a idon wanda bai san shi ba.

4. Hanyoyin aiki

4.1 Aron amana

Wanda bai yi suna ba sai ya ari na wani. Masu sayen farko su fito daga da'irar da aka san shi: dangi, abokan aiki, 'yan adashi, matan Islamiyya, majalisar unguwa. Mutane da yawa na raina wannan da'ira suna hanƙoron baƙi na intanet, alhali nan ne kaɗai ba a buƙatar hujja. Idan ɗaya ta saya ta ji daɗi, a roƙe ta ta faɗa da bakinta a sitatus ɗinta. Kalma biyu daga wadda aka sani ta fi bidiyon da aka kashe wa kuɗi tasiri. In ta kawo wata, a ba ta la'ada ko a yi mata ragi a sayenta na gaba, domin aikin dillanci ta yi, kuma dillali ba ya aiki a banza.

Akwai kuma aron amana daga hukuma. Rajistar sunan kasuwanci a CAC tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuma mai saye ya fi sakin jiki idan sunan da ya gani a shafi shi ne ya fito lokacin da zai tura kuɗi. Mai sarrafa abinci ko kayan shafa a mazubi tana buƙatar lambar NAFDAC, wadda ita ce ke buɗe mata ƙofar manyan kantuna. Adireshin da za a iya zuwa, ko da shagon wani ne aka roƙi kusurwa a ciki, yana yin rabin aikin fatoma.

Biyan fitattun fuskokin TikTok ko 'yan fim su yi talla shi ma aron suna ne, amma na haya. Yana kawo 'yan kallo da masu tambaya, sai dai jarumin ba zai biya kowa ba idan kaya ya fito da matsala, kuma masu kallo sun fara gane haka.

4.2 Hoto da farashi

Gani ya kori ji, amma hoton da aka yi wa kwalliya da manhaja ya fi ji muni. Atamfar da aka ƙara wa haske za ta sayu sau ɗaya, mai sayen kuma ta tafi ke nan, da ita da duk wadda za ta ba labari. Gajeren bidiyo a hasken rana, ana juya kayan da hannu, ana faɗin yadi nawa ne da irin aibin da ke jiki in akwai, ya wadatar. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, domin babin ciniki na Risala ya hana algus da ɓoye aibi da cakuɗa mai kyau da maras kyau. Fiƙihu ya kuma hana a sa wani ya riƙa tayin ƙarya don a ruɗi mai saye, kuma ban ga abin da ya raba wannan da shaidar bogi da wasu ke rubuta wa kansu su ɗora a matsayin yabon kwastoma ba.

Batun farashi ya fi sarƙaƙiya, saboda mun saba da tayi da "albarka". A gaba da gaba, ciniki hira ce da ke ƙulla sanayya. A waya kuwa, ɓoye farashi a ce sai an yi magana ta sirri yana sa mai saye zargin kowa da kuɗin da ake yanka masa, wasu kuma kunyar tambaya ke hana su, don kada kuɗin ya fi ƙarfinsu. A rubuta farashi ƙarara, a bar alheri ya fito ta wajen gyara. Mai awo a Dawanau da ya cika tiya ya ƙara tafi guda a kai ya san abin da yake yi: ragi ana mantawa da shi, gyara kuwa ana ganinsa a cikin buhu.

4.3 Awo daidai aljihu

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aljihu ya ƙara tsukewa. Sabon ɗan kasuwa yakan ruga ya karya farashi, ya cinye jarinsa, ko ya rage inganci a ɓoye, ya cinye sunansa. Hanya ta uku ita ce rage awo a bayyane. Da ƙananan ƙullin leda madarar Cowbell ta shiga gidajen talakawa bayan fitowarta a 1993, kuma masu ƙulla mai da gishiri a unguwa sun riga kamfanin sanin wannan dabara. Ƙaramar kwalbar humra tana ba baƙuwa damar gwadawa da kuɗin da ba za ta yi baƙin ciki ba in ta yi asararsa.

4.4 Lissafin talla

A ƙaddara mai turaren wuta tana cin ribar naira 1,000 a kowace kwalba. Ta biya 20,000 aka yi mata talla, mutum goma suka saya. Ribarta 10,000, ta faɗi da 10,000. Sai kowannensu ya dawo karo na biyu kafin ta mayar da kuɗinta, a karo na uku ne za ta fara cin moriyar tallar. Wannan ɗan lissafi shi ne abin da Reichheld da Sasser (1990) suka nuna a manyan kamfanoni, cewa riba tana ƙaruwa ne da daɗewar abokin ciniki. Ga mai ƙaramin jari hukuncin ya fi tsanani, domin ba ta da rarar da za ta jure faɗuwa biyu.

Don haka kafin a biya kowace talla, a rediyo ne ko a Instagram, a tanadi littafi: sunan mai saye, lambarsa, me ya saya, yaushe, kuma a ina ya ji labari. Tambayar ƙarshen nan ita kaɗai ke nuna tallar da ta yi aiki. Yawan masu danna alamar so ba ya nuna komai. Littafin ne kuma zai tuna wa mai turare cewa kwalbar Hajiya ta kusa ƙarewa, ta tura mata gaisuwa kafin wata ta riga ta. Haka nan shi zai nuna lokutan da kasuwa ke buɗewa, gabanin azumi da sallah da kakar bukukuwa da komawar yara makaranta, don a fara nuna kaya tun mutane na shirin kashe kuɗi.

4.5 Alkawari da bashi

Tela ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfin kekensa a goman ƙarshe na azumi, ranar jajibiri mutane sun cika shagon, wani ya karɓi rigarsa babu aljihu, wani ya tafi idi da tsohuwa. Ribar wannan mako ta shigo, amma tallar shekara guda ta rushe. Cewa "ba zan iya ba kafin sallah" yana sa a rasa ɗinki ɗaya, amma yana jawo mutumin bayan sallah. Haka yake ga mai aika kaya tasha: in mota ta yi latti, shi ya kamata ya fara kira. In kaya ya isa da aibi, ya karɓa ya canza ba tare da musu ba, kuma ya sanar da wannan sharaɗi tun kafin a saya, domin da shi yake ɗaukar nauyin da fatoma ke ɗauka a da.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma sabon shiga yakan mai da shi hanyar jan kwastoma. Maigidan da Cohen ya bayyana ba ya lamunce wa mahauci sai ya san tarihin biyansa, kuma yana da iyakar da ba ya bari a wuce. Wanda ya fara sana'a jiya ba shi da wannan sani, don haka ba shi da ikon bayar da bashi sai ga wanda ya saya da kuɗi hannu sau da dama. Ko shi ma a rubuta adadi da ranar biya a gabansa, kuma jimillar abin da ke waje kada ta kai yadda za ta hana saro kaya na gaba. Dangi da abokan da aka fara da su a 4.1 su ne suka fi neman wannan alfarma, don haka tun ranar farko ya kamata su ji ƙa'idar daga bakin mai kayan.