Yadda Mazubin Kaya Ke Riƙe Masu Saye ’Yan Latino A Amurka

’Yan Latino su ne mazauna Amurka da asalinsu ya fito daga Meziko, Kuba, Puwato Riko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna yawansu ya haura miliyan 62, wato kusan kashi 19 cikin 100 na al’ummar ƙasar. Kamfanonin abinci na rububin wannan kasuwa, kuma cikin abubuwan da ke riƙe musu masu saye har da siffar mazubin kaya: launin gwangwani, fasalin kwalba da hoton da ke jikin kwali.

Dalilin Tasirinsa

Baƙon da bai gama sanin Turanci ba, idan ya shiga babban kanti, launi da hoto yake fara ganewa kafin rubutu. Mazubin da ya saba gani a gida yana tabbatar masa cewa ɗanɗanon da ke ciki shi ne wanda ya sani. ’Ya’yansa da aka haifa a Amurka kuwa sun tashi suna ganin wannan mazubi a madafar iyaye da kakanni, don haka sukan ci gaba da sayensa ko da Sifaniyancinsu ya yi rauni.

Fitattun Misalai

Kamfanin Goya, wanda Prudencio Unanue ya kafa a birnin New York a 1936, an san shi da shuɗin tambari mai fararen haruffa a jikin gwangwanayen wake. Gahawar Café Bustelo, wadda ta faro a unguwar East Harlem a 1928, tana zuwa ne cikin mazubi mai launin ruwan ɗorawa da ja. Cakulan Abuelita na Meziko, sunan da ke nufin “kaka”, yana ɗauke da hoton ’yar fim Sara García a kan kwali mai kusurwa shida. Yajin Cholula kuma da murfinsa na katako ake gane shi daga nesa.

Abin lura shi ne manyan kamfanonin da suka saye waɗannan kayayyaki ba su jefar da tsohuwar siffarsu ba. Smucker ya mallaki Café Bustelo a 2011, McCormick ya sayi Cholula a 2020 kan dala miliyan 800, Nestlé kuma ke da Abuelita, amma launukan, hoton da murfin katakon suna nan. Darasin Tropicana sananne ne a harkar: da ya sauya kwalin lemonsa a 2009, ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, dole ya koma wa tsohon.

Iyakar Sabo

Sabo da mazubi ba ya hana mai saye yin fushi. A watan Yulin 2020, bayan shugaban Goya, Robert Unanue, ya yaba wa Shugaba Donald Trump a fadar White House, ’yan Latino da dama sun yi kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, yayin da wasu suka ƙara saye don nuna goyon baya.

Doka ma tana iya tilasta sauyi. Tun 2020 Meziko ta wajabta sanya baƙaƙen tambura masu kusurwa takwas a kan abincin da sukari, gishiri ko kitse ya yi wa yawa, sannan ta hana irin waɗannan kayan ɗaukar zanen da ke jan hankalin yara.