Awon da Zafi Bai Motsa Shi

Duk wanda ya yi gyaran rediyo da talabijin a shekarun 1970 ya san nauyin tsohuwar taransfoma. Tulin ƙarfe ce da waya, ta sauke wuta, sannan wani transista ya ƙone rarar ta koma zafi, har kusan rabin wutar ya salwanta. Dabarar da ta gaje ta ita ce ke cikin cajar wayarka yau: a riƙa kunna wuta ana kashewa sau dubun dubata a daƙiƙa guda, sannan a tace abin da ya fito. A 1976 Bob Mammano na kamfanin Silicon General ya tattara kwakwalwar wannan aiki cikin aisi ɗaya, SG1524. Shekara guda bayan haka kwamfutar Apple II ta fito da irin wannan wuta, ƙirar Rod Holt.

Ni dai saurin bai taɓa burge ni kamar awon ba. Na'urar nan ba ta san bolt biyar ɗin da ake so ta fitar ba. Ɗiban kaɗan take yi daga abin da ta fitar ta gwada da wani tsayayyen awo. In ya gaza ta tsawaita kunnawa, in ya zarce ta taƙaita. Kamar mai awon hatsi ne a Dawanau, komai gaskiyarsa, in mudun ya lotse sai wani ya cutu.

Samun wannan awo ya ba injiniyoyi wuya. Da farko diyod ɗin Zener aka riƙe, mai sunan Clarence Zener da ya bayyana asalin al'amarin a 1934. Matsalarsa, wanda zafi bai cika motsa shi ba yana wajen bolt 6 ne, ga shi kuwa kwamfutocin lokacin bolt 5 suke ci, tsakanin 4.75 da 5.25. David Hilbiber na Fairchild ya nuna wata hanya a 1964, Bob Widlar na National Semiconductor ya kai ta kasuwa da LM113 a 1971. Hikimar tana da daɗin ji. Ƙarfin wutar da ke bakin transistan silikon yana raguwa da kimanin milibolt 2 duk sanda zafi ya hau digiri ɗaya. Bambancin da ke tsakanin transista biyu masu ɗaukar wuta daban kuwa ƙaruwa yake yi da zafi. Widlar ya haɗa mai sauka da mai hawa gwargwadon da za su cinye juna, suka tsaya a wajen bolt 1.2, adadin da ɗabi'ar silikon ta yanke. Paul Brokaw na Analog Devices ya ƙara gyara tsarin a 1974.

Awon da ya iso hannunmu sosai shi ne TL431 na Texas Instruments, na 1977. Buɗe wutar kwamfuta ko caja mai kyau, sau da yawa za ka tarar da shi kusa da inda wuta ke fita: ɗan baƙi mai ƙafa uku, an rubuta 431 a jikinsa, yana riƙe da bolt 2.495. A gefensa akwai rizista biyu. In girmansu ɗaya, bolt biyar ke fita. TL431 ɗin kansa hawa-hawa ne: gama-gari na iya kaucewa da kashi 2 cikin 100, mai harafin A kashi 1, mai B rabin kashi.

A kan rizistocin nan biyu ne raina ke ɓaci. Masu kashi 1 cikin 100 suna iya kautar da wutar da kashi 1, amma in aka maƙala masu kashi 5 don su ne a akwati, kuskuren na iya kai kashi 5, duk wahalar su Widlar ta tashi a banza. Kuma zamani ya ƙara tsanani, domin kwakwalwar kwamfutar yau kusan bolt 1 take ci, kashi 3 nata milibolt 30 ne kacal.

Don haka ƙannena masu gyara a Farm Centre da Sabon Gari, in rizistan awo ya ƙone, ku nemi irinsa sak, ku kuma ɗora mita a kan wutar kafin ku miƙa wa mai kaya.