Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Marinar Ƙofar Mata

Mu mutanen Gwarzo da Kabo, in muka ce za mu birni, yawanci abu uku ne ke kai mu: sayayya a Kantin Kwari, dubiya a asibiti, ko biki. Mota ta shigo da mu ta Kabuga, mu gama uzurinmu, mu juyo kafin magariba. Da wuya ka ji wanda ya je don kawai ya kalli garin, alhali tun daga mashigar tamu tarihi ya fara.

Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Ɓangaren da ke fuskantar mu kuwa, daga Dukawuya zuwa Kabuga zuwa Kansakali, aikin zamanin Muhammadu Nazaki ne (1618 zuwa 1623), kuma Wambai Giwa ne ya tsaya a kansa. Wannan Wamban daga baya a maƙwabciyarmu Ƙaraye ya zauna yana fafatawa da Katsinawa. Ta Kabugar nan kuma sojojin Turawa suka kutsa birni ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari.

In ka shiga, ka nemi Gidan Makama, kusa da fada. Nan aka ce Rumfa ya zauna kafin ya ci sarauta ya gina gidan da har yau ake kira da sunansa. Yanzu gidan tarihi ne. Ka ɗaga kai ka dubi rufin soro, ka ga yadda magina suka jera azara suka yi bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti, sai tubali da ƙasa da basira. A waje ga zanko ya miƙe a kusurwa.

To me ya hana ruwan damina cinye irin waɗannan gine-gine? A nan zancen gini ya haɗu da zancen rini. Dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar marina shi ake kwashewa a busar, a ƙone, ya zama katsi. A haɗa shi da gashin jima da dafara, sai a sami laso, wanda ake shafe soraye da shi, ake kuma dalaye cikin rijiyoyin rinin kansu. Ashe marini ne ke rufa wa magini asiri.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, tana nan har gobe. Baba da toka da ruwa ake zubawa a rijiya, a bar su kwanaki su ruɓa. Marini ya tsoma zane, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har launin ya kama. Daga nan sai wurin masu bugu, su bi shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su Timbuktu da Ghat da Murzuk har Tarabulus. Buzun da ke naɗa turkuɗi a tsakiyar Sahara, kayan Kano ne a kansa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka duk a cikin ganuwa aka yi wannan aiki. Kasuwar Kurmi matattara ce. Audugar a karkara aka noma ta, mata suka gurje ta, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari, masaƙa suka mayar da shi sawaye. Turkuɗin da ya fi suna ma na Kura ne. Duk wadda ta taso ta ga kakarta da mazari da alli a gefen tabarma, to ta ga tushen arzikin birnin Dabo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta ɗauke hankalin manoma, yadin Turawa ya cika kasuwa. Daga baya masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa suka zo, akasarinsu suka durƙushe, atamfar Sin ta mamaye Kwari. Yau rijiyoyi da yawa a Ƙofar Mata sun bushe. Ganuwar da aka sa a jerin jiran tantancewar UNESCO a 2007, wani wurin an yi gidaje a kanta, wani an kwashe ƙasar. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ma an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi.

Don haka, 'yan'uwa, in tafiyar birni ta kama, a ware awa biyu, a riƙo hannun yara a kai su Gidan Makama da marina. A sayi ko da ɗankwali ne daga hannun marini, domin cinikin nan ne zai sa ɗansa ya yarda ya gaje shi. Allah ya sa mu dace, amin.