Kaburbura Biyu a Burmi

Kusa da garin Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye ta Jihar Gombe, akwai wani fili da ake kira Burmi, ko Mbormi. A nan aka yi gumurzu na ƙarshe tsakanin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya da Turawan Ingila, ranar 27 ga Yuli, 1903. Kaburbura biyu aka fi nuna wa mai ziyara: na Attahiru, da na Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa, wanda kibiya mai dafi ta kashe a wannan rana. Abin da nake son dubawa shi ne, wane irin allon tarihi ya dace da wannan wuri, kuma me ya kamata a rubuta a kansa.

Bayan da Sakkwato ta faɗi a filin Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara. Ya ɗauki tuta ya fuskanci gabas da niyyar isa Makka. Cikin mako guda Lugga ya naɗa wani a gurbinsa, Attahiru na biyu, yana zaton magana ta ƙare. Sai ga shi duk inda tsohon sarkin ya ratsa, jama'a na barin gida da gona a bakin damina suna bin sa. Akwai sarakuna a cikinsu, kamar Sarkin Misau Ahmadu, akwai Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, amma mafi yawa talakawa ne, da mata da yara. Turawa sun fara taɓa Burmi ranar 13 ga Mayu, aka kore su. Da suka komo a Yuli da manyan bindigogi, sun kashe fiye da mutum 600, suka kuma ƙone garin.

A ganina, allon da ya ɗauki sunaye biyu kawai zai mai da wannan al'amari tamkar dambe tsakanin sarki da hafsa. Ina ɗaruruwan da suka kwanta kewaye da tutar? Ina kuma masu masaukin? Mutanen Burmi mabiya Malam Jibrilla Gaini ne, masu aƙidar Mahadiyya, waɗanda suka shafe shekaru suna fafatawa da masarautar Gombe, wato da wani reshe na daular da Attahiru ke shugabanta. Duk da haka sun buɗe masa ƙofa, suka mutu tare da shi, garinsu ya zama kufai. Allon da ya manta da su ya ci amanar mai gida don girmama baƙo.

Sai kuma batun kalma, wanda nake ɗauka shi ne mafi nauyi. A rahotannin Turawa, Attahiru mai tsere ne da ake farauta. A wurin waɗanda suka bi shi, hijira suke yi, irin wadda Shehu Usmanu ya yi daga Ɗegel a 1804, shekara ɗari ba ɗaya kafin nan. Allo ba shi da faɗin littafi, layi biyar ko shida ne, don haka dole marubucinsa ya zaɓi ɗaya. Ni hijira zan zaɓa, domin da wannan suna masu tafiyar suka san tafiyarsu.

Na san akwai malaman da za su ce Musulunci bai son gini a kan kabari, balle rubutu, kuma maganarsu tana da tushe. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa tarihinmu ya fi zama a waƙa da kirari fiye da dutse. To amma ba a kan kabari nake nufin a kafa shi ba, a bakin filin ne, inda ɗalibi zai tsaya ya karanta. Ai ba mu ƙi allo ba: kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa, sai ka ga an manna mata farin dutse ɗauke da sunan wanda ya buɗe ta, da Turancin da masu ɗiban ruwan ba sa karantawa. Na Burmi ya kamata ya zo da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami.

Layinsa na ƙarshe kuwa ya nuna gabas, domin tafiyar ba ta tsaya a Burmi ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira, ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan. Suka zauna a gefen kogin Nilu, kudu da Sannar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno, inda jikokinsu ke magana da Fulatanci da Hausa.