Baƙon Jiya, Mai Masaukin Yau: Darasi daga Tarihin Ikkilisiya a Ƙasar Hausa

A ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, 'yan sanda da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, unguwanni irin su Takur suka cika da mutanen da ba a nan aka binne cibiyarsu ba. Yawancin masu bi da ke sujada a Dutse yau, ko su ko iyayensu, da jaka a hannu suka iso. Saboda haka in muna maganar karɓar baƙi, tarihin kanmu muke karantawa. Abin da tarihin nan yake nuna mana shi ne, baƙon da ya samu wurin zama yakan yi saurin manta yadda baƙunci yake. Za mu duba wurare uku: Kano, Wusasa da Kaduna.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ba a jima ba, wajen 1913, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari a bayan ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Majami'a ce ta zama masaukinsu na fari. Sabon zuwa yakan nemi mutanen garinsu ran Lahadi, su ba shi wurin kwana, su nuna masa inda zai nemi aiki. Wannan alheri ne, bai kamata mu raina shi ba. Amma zumuntar ta bi harshe: Yarbawa da majami'arsu, Ibo da tasu, masu Turanci da tasu. Dokar mulkin mallaka ta hana wa'azi a cikin birni, tsarin unguwar kuma ya raba baƙi da 'yan gari. Sai Bahaushe ya ɗauki Kiristanci a kan addinin baƙi, Bahaushen da ya ba da gaskiya kuwa ya tarar shi ne baƙo a majami'ar da ke ƙasar kakanninsa.

Labarin Zariya ya bi wata hanya. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, wato almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka zo wurinsa suna neman ƙarin sani. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, inda Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, ya zauna tare da su. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, har aka watse. Waɗanda suka tsira, da yaran da suka rasa iyaye, masu bi na Zariya ne suka riƙe su. Da mishan ya koma Wusasa a 1929, aka tafi tare. A nan baƙo ya zama ɗan gida, domin an ci tuwo a kwano ɗaya, an yi karatu a aji ɗaya, an yi auratayya. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga zuriyar Isawan nan ya fito. Yohanna Gowon, mai bishara ɗan ƙabilar Angas daga Filato, shi ma a Wusasa ya yi zango da iyalinsa, a nan ɗansa Yakubu ya tashi.

Misali na uku ya fi kama da halin da muke ciki a Dutse. A wancan zamani Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa, aikin gwamnati da na soja da na masaƙu ya jawo masu bi daga Numan, Garkida, Wukari, Langtang da sauransu. Ikkilisiyoyinsu na gida sun riga sun haɗu cikin tarayyar TEKAN a 1955, amma al'adunsu ba ɗaya ba ne. Waɗansu suna yi wa jarirai baftisma, waɗansu sai manya. Da kowa ya bi ra'ayinsa, da kowace ƙabila ta gina nata ɗakin sujada. Maimakon haka suka yarda su yi sujada tare da harshen Hausa, daga nan aka samu HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1962. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, shi ya ba su harshe ɗaya na addu'a. Kowa ya sauke wani abu nasa domin ɗan'uwansa ya samu wurin zama.

Me za mu ɗauka daga nan? Na farko, karɓar baƙo ba ta ƙarewa a sanarwar Lahadi. Mukan ce baƙi su miƙe, mu tafa musu, mu rera waƙar maraba, a tashi kowa ya nufi mutanen garinsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In ba wanda ya taka zuwa ɗakin baƙon a cikin makon, ba a karɓe shi ba tukuna. Barnaba bai tsaya ga gaisuwa ba sa'ad da almajirai suke tsoron Shawulu. Ya kama shi ya kai shi gaban manzanni (Ayyukan Manzanni 9:26-27).

Na biyu, mu lura da wane ne baƙo yau. Akwai ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da mai bautar ƙasa na shekara ɗaya, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai kuma ɗan'uwa Bahaushe daga ƙauyukan Maguzawa, da wanda danginsa suka juya masa baya saboda bangaskiyarsa. Wannan na ƙarshe ba shi da ƙungiyar 'yan gari da za ta taya shi biki ko makoki. In ikkilisiya ba ta zama danginsa ba, ba shi da kowa. Gunagunin da ya tashi a Urushalima a kan gwauraye masu jin Helenanci (Ayyukan Manzanni 6) ya nuna cewa ana iya manta mutum ba da mugun nufi ba. Manzanni sun magance shi ta wurin ba mutanen wannan ɓangare aiki da iko. Mu duba kwamitocinmu da dattawanmu: daga gari nawa suka fito?

Na uku, akwai tsoro, kuma ba za mu ɓoye shi ba. An ƙone majami'u a Dutse a rikicin Satumba 2006, shekarun da suka biyo baya kuma sun koya mana binciken jaka a bakin ƙofa. Tsaro wajibi ne. Amma mai gadi da mai maraba aikinsu daban ne, dole ikkilisiya ta tanadi dukansu biyu. In fuskar farko da baƙo ya gani ta tuhuma ce, bari ta biyu ta zama ta ɗan'uwa, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ikkilisiyar da kake hidima, wa ya karɓi masu bi na farko da suka iso garin? Ka tambayi dattawa, ka rubuta labarin.

2. Cikin baƙin da suka miƙe a sujada watanni uku da suka wuce, nawa ne aka ziyarta a gida, nawa ne har yanzu suke zuwa?

3. Wace al'ada ce ikkilisiyarku za ta iya saukewa, kamar yadda aka yi a Kaduna, domin wanda ba ɗan ƙabilarku ba ya ji yana gida?