Matatar da ido ba ya gani: tarihin tace ruwan kifi daga Landan zuwa Shagari

Mai karatu, in kana kiwon tarwada a tankin roba ko na kankare a Boɗinga ko Shagari, ka san halin watan Afrilu. Zafi ya haura maki 40, jan ruwa daga burtsatse yana cin kuɗin mai, ga tanki yana neman canjin ruwa kusan kullum. A nan ne tunanin haɗa matata yake zuwa, a riƙa tace ruwan ana mayarwa. Sai mutum ya cika durom da yashi da gawayi, ruwa ya fito garau, amma kifi ya ƙi cin abinci, ya fara mutuwa ɗaya-ɗaya. Masu ajiye halittun teku a gida sun sha fama da irin wannan tun ƙarni na 19, kuma an daɗe kafin a gano bakin zaren.

A 1846 wata mata a Ingila mai suna Anna Thynne ta kwaso murjani mai rai daga gaɓar teku a Torquay ta kai gidanta a Landan. Mu dai mun san murjani a wuyan amare, amma asalinsa dabba ce ƙarama da ke gina wa kanta gida mai tauri, kuma ba ta jure gurɓataccen ruwa ko kaɗan. Da yake teku na da nisa, sai aka riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, kamar yadda mai shayi ke yi, don iska ta shige shi. Da wannan dabara murjanin ya yi shekaru yana raye a tsakiyar birni.

A 1850 wani masanin sinadarai, Robert Warington, ya nuna cewa in an haɗa ƙananan kifaye da ciyawar ruwa da katantanwa a mazubi guda, za su daɗe ba a canja ruwa ba. Ciyawa ta ba da oksijin, katantanwa ta cinye ruɓaɓɓen ganye. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi, abin ya zama yayi. To amma duk lissafin zamanin a kan iska ya tsaya, alhali kifi na fitar da wata guba da ba ta da launi, wato amoniya. Yawancinta ta wurin numfashinsa na gefen kai take fita, ragowar abinci da kashi kuma in sun ruɓe su ƙara ta. Ba kyallen da zai tare ta, don narkakkiya ce kamar gishiri a miya.

Amsar ba daga masu kifi ta fito ba. A 1877 wasu masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, suna binciken yadda ƙasa ke tsarkake ruwan kwata. Suka cika dogon bututu da yashi da farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan ƙazanta a hankali. Kwana kusan 20 amoniya na wucewa yadda ta shiga. Daga nan sai ta fara ɓacewa, naitaret yana fitowa a madadinta. Me ya sa sai da aka jira? In da yashin ne ke aikin, ai tun ranar farko zai yi. Suka saka kulorofom, maganin sa barcin nan, aikin ya tsaya cak. Suka kawo ɗan ruwan ƙasar lambu suka zuba, ya dawo. Ashe wani abu mai rai ne ya hayayyafa a jikin yashin. Ɗan Warington, shi ma Robert sunansa, ya nuna a tashar binciken noma ta Rothamsted cewa aikin hawa biyu ne, sannan Sergei Winogradsky, ɗan ƙasar Rasha, ya ware ƙwayoyin bakteriyar wajen 1890. Wani rukuni yana mai da amoniya naitarayit, wanda shi ma guba ne, wani kuma ya mai da shi naitaret mai sauƙin illa.

Masu tankin murjani su ne suka kai wannan ilimi ƙarshe, don halittunsu ba su yafe kuskure. A 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana yadda yake raya tankinsa da duwatsun teku masu ƙofofi, waɗanda suka zo da bakteriyarsu, sai ɗan famfon iska kawai. A shekarun 1970 masu wannan sha'awa a Jamus suka ƙara na'urar da ke tada kumfa ta kwashe dauɗa kafin ta ruɓe, tsarin da ake kira da sunan birnin Berlin har yau. In wani ya tallata maka wannan na'ura, ka sani a ruwan gishiri take tashe, don a can kumfa ke yin ƙanana ta daɗe. A ruwan burtsatsenka aikinta kaɗan ne, kuɗinka ya fi amfani a wani wuri.

Wurin kuwa shi ne gidan bakteriya. Matatar tarwada aiki biyu take yi, kuma a jere. Da farko wurin da kashi da ragowar abinci za su kwanta a zubar da su, sannan durom cike da abu mai yawan saƙo da lungu, kamar tsakuwa ko gutsattsarin roba, ruwa na ratsawa ba tsayawa, iska na shiga. In wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa ruwa ya tsaya, bakteriyar kan fara mutuwa, don su ma oksijin suke shaƙa. Tarwada kuwa za ta yaudare ka: tana iya haurowa ta shaƙi iskar sama, saboda haka tana nan da rai ko da ruwan ya lalace.

Zafinmu ma yana ƙara dagula lissafi. A ruwa mai zafin maki 30, in ma'aunin pH yana kan 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne ke cikin siffa mai kisa. In ya hau 8, sai ya haura kashi 7. Sabon tankin siminti da ba a jiƙa an wanke sosai ba yana ɗaga wannan ma'auni, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa gaggawar zuba 'ya'yan kifi a ciki.

Naitaret ɗin da ya taru dole dai a rage shi da canjin ruwa, amma ba asara ba ce, taki ne. Wanda yake da lambun albasa ko alayyafo kusa da tanki sai ya karkata ruwan can.

Sabuwar matata kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta kama aiki, don haka ka fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, kana auna amoniya da ɗan kayan gwaji. Kada ka wanke tsakuwar da ruwa mai kulorin, kada ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ya bi ta cikinta. In kana son rage jiran, roƙi maƙwabcin da matatarsa ta daɗe tana aiki, kuma kifinsa lafiya lau, ya ɗebo maka tsakuwa cikin bokiti da ruwan tankinsa, ka zuba a taka kafin ta bushe.