Tarihin Binciken Jirgi Kafin Tashi da Fasa Tashi

Binciken kafin tashi shi ne jerin abubuwan da matuƙan jirgin sama biyu ke bi ɗaya bayan ɗaya a ɗakinsu, ɗaya na karantowa daga takarda, ɗayan na duba abin yana amsawa. Fasa tashi kuwa shi ne taka birki bayan jirgi ya riga ya zabura a kan titi. Maniyyacin da ya baro Filinge ko wani ƙauyen Kurfai, ya bi ta Baleyara ya iso filin jirgin Diori Hamani na Yamai, idan ya ga an rufe ƙofa amma jirgi bai motsa ba, mai yiwuwa binciken nan ake yi a ɗakin matuƙa.

Abin ya samo asali ne a Amurka. Ranar 30 ga Oktoba 1935, a Dayton, sabon jirgin yaƙi na Boeing samfurin 299 ya faɗi da tashinsa, mutum biyu suka rasu. Matuƙin gwani ne, amma an manta ba a kwance makullin da ke daure abubuwan sarrafa jirgin idan yana ajiye ba. Daga nan aka daina dogara da ƙwaƙwalwar gwani, aka koma ga takarda.

Daga baya aka kafa wa fasa tashi iyaka, wato gudun da ake kira V1, wanda ake lissafawa kafin kowace tafiya bisa nauyin jirgi, tsawon titi da zafin rana. Kafin a kai shi ana iya tsayawa. Da an wuce shi sai tashi, domin sauran titin ba zai isa birki ba. Zafi na da ruwa da tsaki a nan, domin iskar bazara irin ta Yamai da Kano ba ta da kauri, sai jirgi ya ci titi mai yawa kafin ya ɗaga.

Darasi mafi ɗaci ga Hausawa ya zo ne ranar 11 ga Yuli 1991 a Jidda. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya kwashi alhazai zuwa Sakkwato alhali tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. An san da matsalar, amma gudun makara ya sa aka tafi a haka. Tayoyi biyu suka fashe tun jirgin na gudu a ƙasa, matuƙan suka ji ƙara, ba su tsaya ba. Da suka ɗaga suka naɗe tayoyin da ke ci da wuta cikin jirgin, inda babu na'urar da za ta sanar da su gobara. Sun juyo za su sauka, amma duka mutum 261 suka rasu. Jinkirin da aka guda bai taka kara ya karya ba.

A Kano ma, ranar 4 ga Mayu 2002, jirgin kamfanin EAS mai zuwa Legas ya cinye titi ya shiga ƙura kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙasa, ya faɗa unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka mutu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku.

Tun bayan karon jirage biyu a Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka halaka, ake koya wa mataimakin matuƙi ya buɗe baki idan ya ga kuskure, ko da kyaftin ya girme shi. A yawancin kamfanoni dai kyaftin ne ke yanke hukuncin tsayawa, hannunsa na kan sandunan wutar injin har sai an kira V1, sannan ya ɗauke.